Allurar Toska

Nachisale matata,

Shekara uku ke nan rabona da garinmu Dedza. Ya yara, ya ƙafar Mama? Ni lafiya, sai gajiya.

Bana ma ba zan zo ba. Toska, tsohon karen matar da nake wa aiki a Durban, ya kamu da ciwon suga. Safe da yamma ina yi masa allurar da Baba bai samu ba har ya rasu. Ba laifin karen ba ne.

Matar ta ce mini, “Limbani, ranar da Toska ya mutu, ni sai gidan tsofaffi.” A ranar ce aikina zai ƙare. Masu gadin unguwar na kirana likitan kare. Su yi ta yi, ba zai mutu bana ba.

Kuɗin rufin ɗakinmu, na tara rand dubu bakwai. Saura dubu biyar.