Tankin Kaka Toivo Ba Zai Shiga Tanderu Ba

Escanaba, 3 ga Yuni

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ruwa? Ina fatan bayanka ya daina ciwo, kuma mai dafa muku abinci a jirgin ruwa ya rage gishiri. Ni da Kaka Aili muna lafiya, tana gaishe ka.

Baba, na rubuto ne saboda ka san ni a waya, da na ji muryarka sai maganar ta maƙale. Kuma raina a ɓace yake.

Baffa Vern ya kwashe kayan babur ɗin marigayi Kaka Toivo. Kwalayen nan uku da muka shirya ni da kai, muka ɗaura wa kowane ƙarfe takarda da sunansa, ka ce za a kai wa Mista Dombrowski a Green Bay ya yi musu kurom, rufin ƙarfen nan mai ƙyalli kamar madubi. Na dawo daga makaranta na tarar biyu babu. Ashe wajen abokinsa Kip ya kai, mai fentin kujerun lambu. Kip ba ya kurom, Baba. Yashi yake fesa wa ƙarfe ya kankare shi, ya bi shi da garin fenti, ya gasa a tanderu. Wai garin mai launin kurom ne.

Jiya aka dawo da su. Baffa ya shimfiɗa bargo a gareji ya jera madigadi da salansa da kwanon fitila, bakinsa har kunne. Ya ce, "Ɓera, zo ki ga kaya! Rantse in za ki bambanta." Haka yake kirana ko a gaban mutane. Tun daga bakin ƙofa na bambanta. Launin tukunyar miyar Kaka ne sak. Na ɗauko madubin babur, wanda bayansa ke da tsohon kurom, na ajiye kusa da madigadin. A bayan madubin ina ganin idona har da gashin gira, duk da ya kusa shekara sittin. A madigadin kuwa inuwa kawai na gani, kamar mutum a bayan labule. Baffa ya ce daga tsallaken titi wa zai sani? Ya ce Dombrowski sai Nuwamba zai gama, faretin huɗu ga Yuli na ranar 'yancin Amurka kuwa saura wata ɗaya, kuma kai ne ka ce masa ya yi abin da ya ga ya dace.

Da gaske ka ce haka?

Na shige ɗaki na ciji matashi. Tanki kaɗai ya rage, don Kip ya ce sai warin fetur ya gama fita. Don Allah ka hana shi.

Allah ya kiyaye mana kai.
'Yarka,
Linnea

Escanaba, 14 ga Yuni

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa, ina fatan iskar da aka ce ta taso a tafki ba ta wahalar da ku ba. Mu nan lafiya lau, an yi mana hutu.

Na ji duk abin da ka faɗa a waya. Ka ce Baffa ya san babur tun kafin a haife ni. Ka ce ka yi wa Kaka Toivo alkawari a asibiti za ka hau babur ɗinsa a faretin bana. Na ce to. Wannan to ɗin ba da gaske nake ba. Ni ma ina ɗakin ranar, a kujerar bayan ƙofa, kun manta da ni ne. Abin da ya ce shi ne a mayar da babur ɗin yadda yake. Bai ce a yi masa kwalliyar tsallaken titi ba.

Ga abin da ba ka bari na gaya maka ba. Da na juya kwanon fitilar sai na ji wani abu yana kwaranya a ciki. Ƙwayoyin dalma ne. Ka tuna wurin da ya loɓa, wanda Kaka Toivo ya cike da dalma ya goge har ba a gani? Tanderun ya narkar da ita. Ramin ya dawo, fentin ya yi kumburi a kansa. Na nuna wa Baffa, ya ce mutane fuskar mai babur suke kallo.

Sai na kira Mista Dombrowski. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na danna lambar sau uku ina kashewa. A na huɗu ya ɗauka kafin in kashe. Ya ce, "Wane mai hikimar ne ya gasa fitila kamar kaza?" Ya ce nasa aikin gogewa ne, sai a tsoma a ruwan tagulla, a sake gogewa, a tsoma a wani ruwan, kurom ya zo ƙarshe, kuma babu zafin da zai narkar da komai. Gogewar ce ke cin watanni. Sannan ya ce, "'Yammata, kifa tankin ki duba inda famfon mai yake shiga. In kin ga farin zobe, dalma ce ta riƙe shi. Ya shiga tanderu, to fetur zai riƙa ɗiga a kan inji mai zafi, tsakanin ƙafafun babanki."

Na kifa na duba. Zoben yana nan, Baba, a duka ɓangarorin.

Na gaya wa Baffa a kan abincin rana, idona a kan faranti. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Yanzu Ɓera ce injiniya? Tsohon nan kasuwa yake nema. Kip ya gasa tanki ya fi hamsin." Na san tankunan injin yankan ciyawa ne.

Asabar mai zuwa zai ɗauki tankin ya kai wa Kip. Haushinsa nake ji, amma na fi jin naka, domin shi bai zauna da ni yana koya mini kankare tsatsa da hannu a hankali ba. Kai ne ka yi.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Linnea

Escanaba, 22 ga Yuni

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya kafin ku sauka. Gara ka karanta a kan ruwa, ka huce a can.

Tankin yana Green Bay.

Ranar Alhamis ina taya Kaka Aili feraye dankali na gaya mata komai. Ta ci gaba da aikinta, na ɗauka ma ba ta ji ba. Juma'a da safe sai ga ta da hular zuwa coci da makullin mota. Ta ce, "Naɗe shi da tawul ki rungume. Kuma ki yi fitsari tun yanzu, ba na tsayawa a hanya." Tafiyar awa biyu ta ɗauke mu uku, manyan motoci suna ta yi mana ham, ita ko a jikinta.

Shagon yana da wari mai hawa ka. Mista Dombrowski gajere ne, yatsunsa baƙi ƙirin. Ya daɗe yana shafa tankin da babban yatsa, ya ce ba a taɓa shi da yashi ba, an yi sa'a. Madigadin kuwa ya ce mu kawo daga baya ya gani, amma bai yi alkawari ba, don yashi yana barin ƙananan ramuka.

Jiya Baffa ya zo tare da Kip. Ina jin sa yana ture kwalaye a gareji. Kaka ta miƙe za ta fita, na ce ta zauna. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na je na tsaya a bakin ƙofa, na ce, "Baffa, ni na kai shi. Ba za a gasa shi ba."

Ya yi ihu har karen maƙwabta ya ɗauka. Ya ce na lalata faretin, na sa ka karya alkawari, 'yar shekara goma sha uku na yi wa manya wayo. Kip ya ce shi dai da ma bai cika son tsofaffin tankuna ba, ya koma mota ya zauna. Sai Baffa ya zauna a kan bokiti ya ce, "Ni ma ubana ne. So nake in ji ƙarar babur ɗinsa a titi, ko sau ɗaya." Idonsa ya yi ja. Na ji tausayinsa, amma ban ba shi haƙuri ba. Na miƙa masa ƙwayoyin dalmar nan, ya zuba a aljihu ya tafi bai ci abinci ba.

Na san abin da na jawo. Ba za ka hau babur a faretin bana ba, za ka tsaya a gefen titi tare da mu. In za ka yi faɗa ka yi da ni, kada ka taɓa Kaka, tuƙi kawai ta yi.

Kuma kada ku wahalar da kanku kai da Baffa ku ce za ku je ku karɓo. Da Mista Dombrowski zai ɗaura wa tankin takarda ya tambaya sunan wa zai rubuta, Kaka ta nuna ni da haɓa. Ya ce ba ya ba kowa kaya sai mai sunan da ke jikin takardar. In Nuwamba ta yi kana son tankin, sai ka tambaye ni.

Allah ya kawo ka lafiya. Ina kewarka, duk da haka.
'Yarka,
Linnea Koskela