Alhaji Shiru na Shagon Aski

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, karatun ungozoma kuma yana tafiya yadda ake so.

Ki lura da kyau, wannan takarda da hannuna na rubuta ta, babu wanda ya riƙe mini biro. Malamin ajin manya ya ce duk cikinmu babu wanda ya kai ni miƙe layi. Na shaida masa cewa mutumin da ya tsufa yana daidaita ƙeyar jama'a ba zai kasa daidaita layi ba.

Kin yi ƙorafin ba a samuna a waya. Dalili shi ne wayar tana hannun abokina, wato ɗanki. Tun da mahaifiyarki ta koma aikin shara a makaranta, a shago yake wuni tare da ni. Kin san dabarata da yara. Idan yaro ya hau kujera yana kuka, sai in kunna masa katun a waya in ɗora a cinyarsa. Nan take zai sunkuya, ƙeya ta fito sarai, in gama aikina ban yanki kowa ba. Ita na yi wa abokina, kuma ta karɓe shi ƙwarai. A da yana jan almakashi yana shiga tsakanin ƙafafun mutane, ga reza ko'ina. Yanzu kuwa yana kan benci tun safe har in rufe, ko tari ba ya yi. Masu zuwa aski sun laƙaba masa Alhaji Shiru. Mai gyaran babur ya ce da 'ya'yansa haka suke, da tuni ya yi ƙiba.

Ki kwantar da hankalinki, yaro yana hannun wanda ya san yara.

Ni ne mahaifinki, mai aski.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Na ga rubutu, har na nuna wa 'yan ɗakinmu. Sannu da ƙoƙari.

Amma Baba, hankalina bai kwanta ba. Lokacin da na taho yana kirana Mama, yana cewa ruwa, yana korar kyanwa da baki. Shekaranjiya na samu Mama ta wayar maƙwabciya, ta kara masa a kunne. Na yi ta kiransa, numfashinsa kawai nake ji. Ya kusa shekara uku fa. Yaushe rabon da ka ji ya ce wani abu?

Don Allah ka tsaya a bayansa ka kira shi, kada ka taɓa shi. Ka faɗa mini gaskiya ko ya waiwayo.

A gaida Mama. 'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Da fari raina ya sosu, domin ban saba a koya mini riƙon yaro ba. Duk da haka na yi abin da kika ce, don in rubuto miki cewa kin tayar da hankalinki a banza.

Na tsaya a bayansa na ce, “Abokina.” Bai waiwayo ba. Na kira sunansa na yanka da ƙarfi, har wanda nake yi wa aski ya zabura. Bai waiwayo ba. Na saki kwanon ruwa a ƙasa, hasken wayar dai yake kallo.

Na zauna ina neman ranar da na ji muryarsa ta ƙarshe, ban samo ta ba. Na tambayi mahaifiyarki, ta ce, “Ni kake tambaya? Kullum a kafaɗarka kake kawo mini shi yana barci, abin nan manne a hannunsa.”

Ina zargin ƙarar injin aski ce ta taɓa masa kunne. Ki yi haƙuri da layin nan da ya karkace.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ka rufe shago gobe ka kai shi asibitin yara. Ba jibi ba, gobe. Idan kunne ne, zan bar karatun nan in dawo, jarrabawa ta jira ko kada ta jira. Me zan yi da takardar shaidar karɓar 'ya'yan mutane, nawa ya manta yadda ake kirana?

Ka gafarce ni idan na ɗaga murya.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kada ki haɗa kayanki tukuna. Karanta har ƙarshe.

Na kai shi. Likitar ba ta girme ki ba, amma na ba ta girmanta. Ta leƙa kunnuwansa ta ce lafiya lau suke. Na ce, da izininta, ba na jin ta duba da kyau. Sai ta karɓi wayar ta sa a aljihu, ta zagaya bayansa ta rera waƙar katun ɗin nan a hankali, ƙasa da raɗa. Wallahi kafin ta kai ƙarshe ya juyo yana laluben rigarta.

Ta ce, “Baba, yana ji. Wa yake yi masa magana a wuni?” Na ce shagona cike yake da mutane. Ta ce, “Suna magana?” A da shagona majalisa ne, ana musu har a manta wanda ke kan layi. Yanzu kowa ya hau kujera sai ya sunkuya kan tasa wayar, ni kuma ina murna ƙeya ta fito.

Ta ce a ɗauke wayar gaba ɗaya, a yi ta yi masa hira. Na tambaye ta ko maganar za ta dawo. Ta ce mu fara, mu komo ta sake ganinsa. Ba ta ce i ba, kuma na lura da hakan.

Na kulle wayar a aljihun tebur. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Abokina ya yi birgima cikin gashin da ban share ba, ya buga goshinsa da benci, ya cije ni a gwiwa. Mai gyaran babur ya leƙo ya ce, “Mai aski, ba shi abinsa mana, ka kore mana Alhaji Shiru ka kawo mana jiniya.” Mutum biyu suka tashi da rabin haƙuri suka tafi wani shagon. Hannuna ya kai ga makulli ba sau ɗaya ba. Mahaifiyarki ta ƙwace makullin ta ɗaure a bakin zanenta.

Yanzu kukan ya ragu. Na ɗora shi kan kujerar yara kusa da madubi, na ba shi mataji, ina faɗa masa duk abin da nake yi. Ga almakashi. Ga ruwa. Malam, sunkuya. Malam, ɗago. Na kafa doka, duk wanda zai hau kujerata sai ya gaida abokina ya sa wayarsa a aljihu. Wasu suna dariya, ban damu ba.

Yana kallon bakina a madubi. Amma har yanzu bai ce komai ba, ni kuma bakina har ya bushe. Ki yi ta addu'a.

Mahaifinki.

*

'Yata,

Gaisuwa a taƙaice.

Ɗazu da shago ya yi sauƙi na zauna zan rubuta miki cewa babu wani sauyi. Na daɗe a sunkuye kan takardar, na rasa yadda zan fara. Sai na ji yatsu biyu a ƙarƙashin haɓata, daidai yadda nake yi wa wanda na gama wa aski. Ya tura kaina sama, ya dube ni cikin ido, ya ce, “Ɗago.”

Muryar a dishe take, amma tasa ce.

Bai ce Mama ba tukuna. Na manna hotonki a gefen madubi, muna gaishe ki kowace safiya. Ki zauna ki rubuta jarrabawarki, sannan ki zo ki karɓi sauran da kanki.

Ni ne mahaifinki.