A Wanke Sunan Surukata Kafin Laraba Ta Haihu

Zuwa ga Babban Likita mai kula da ɗaliban da ake koya wa gwajin ƙwaƙwalwar manya da tsofaffi,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ni malamin firamare ne a nan Kafanchan. Godiya ce ta sa na ɗauki alƙalami, amma akwai kuka guda a cikinta, kuma a fili zan yi shi domin a fili aka yi ɓarnar.

Na farko. A farkon daminar bana surukata Mama Saratu, uwar matata Laraba, ta faɗi a gonar citta, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da ta farfaɗo a asibiti, Hausar da ta tsufa tana cin kasuwa da ita ta gudu, sai yaren gida ya rage, shi ma da ƙyar. A makon ne ɗalibanka suka sauka daga jirgin ƙasa da akwatinsu na hotuna da 'yan katakai. Ban taɓa sanin ana auna tunanin mutum kamar yadda ake auna zazzaɓi ba. Na gode da ka turo su har nan.

Na biyu, kuma nan kukan yake. Ɗaliban ba sa jin yarenmu. Da suka gan ni da taye a wuya da Turanci a baki, sai suka naɗa ni tafinta. Na gaya musu ni mijin 'yarta ne, suka ce ai hakan ya fi, tunda ta san ni. A wurinmu, ranka ya daɗe, suruka ba ta hira da mijin 'yarta, ba ta ko cin abinci a gabansa. Tun da na auri Laraba, gaisuwa daga nesa ce kaɗai tsakanina da Mama. Sai ga ni a bakin gadonta, tana kwance cikin rigar asibiti, ina tambayarta sunan mijinta, da ko tana iya riƙe fitsari. Ta juya fuska bango, ta ja zane ta rufe kai. Aka nuna mata hotuna, shiru. Nan take wani ɗalibi ya faɗa da ƙarfi, da Hausa, cewa hankalinta ya gushe, sai dai a kai ta gidan masu taɓin hankali. Ranar kasuwa ce, 'yan ƙauyenta sun cika ɗakin da dubiya. Kafin la'asar maganar ta isa gida.

Na uku. Cikin ɗaliban akwai wata Malama Rifkatu. Washegari ta ji Mama tana yi wa mai gadon kusa da ita faɗa kan an taɓa mata ƙoƙon kunu, ina shigowa kuma bakin ya mutu. Sai ta roƙe ni cikin ladabi in je in sha iska. Ban taɓa jin daɗin kora irin ta ranar ba. Ta samo wata tsohuwa daga zumuntar matan majami'a ta zama tafinta, ta sake gwajin kaɗan-kaɗan don kada Mama ta gaji. Ashe hankalinta garau yake. Ta san kowa, ta san abin da ta shuka a kowace gona. Sunayen abubuwa ne suke maƙale mata: a nuna mata fartanya, za ta kwatanta noma da hannu, sunan ya ƙi fitowa. Malama Rifkatu ta koya wa Laraba kada ta riƙa ƙarasa mata magana, ta kuma sa ta rera waƙoƙin sujada, domin su suna fitowa cif. Yau Mama tana gida, tana takawa da sanda. Wannan ɗaliba ta gama mana komai, kai ma da ka koyar da ita.

Na huɗu. Ƙauye ya ji hukuncin farko, bai ji na biyu ba. Laraba za ta haihu kafin Kirsimeti, kuma a al'adarmu uwar mai jego ce take yi wa jariri wankan fari. Dangi sun zauna sun ce ba za a sa jinjiri a hannun mahaukaciya ba. Na yi bayani, suka ce likita ne ya faɗa, ni kuwa malamin a-ba-ca-da ne. Abin yana ci mini rai.

Don haka ina roƙo. A koya wa ɗalibai su tambayi mene ne tsakanin tafinta da maras lafiya kafin su buɗe akwati. A hana su yanke hukunci da baki a gaban 'yan dubiya. Sai babban roƙona: ka turo Malama Rifkatu, ko shi wanda ya yi maganar, da farar rigarsu, su tsaya a ƙofar majami'a ranar Lahadi su faɗa wa dangi abin da gwaji na biyu ya nuna. Mama ta ji shawarar da aka yanke a kanta. Amma Laraba ta gaya mini kullum da safe Mama tana ɗora kabewa a cinya kamar jinjiri, tana koyon yi mata wanka da hannun hagu.

Ubangiji ya ja kwananka, ya albarkaci ɗalibanka, ya sa ka tsufa a hannun masu haƙuri irin Rifkatu.

Wassalam.

Naka,
Mijin Laraba, Kafanchan.