Takardar Aure a Rigar Uwa Maryamu

Napoli, 4 ga Mayu, 1946

Gwaggo Filomena,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki?

Gwaggo, na shiga uku. Mahaifiyar marigayi mijina, Raymond Dorsey, ta aiko mu je Amurka ni da 'yata Lucia. Amma a ofishin jakadanci an ce matar sojan da ya rasu sai ta nuna shaidar aure, littafin cocinmu kuwa bam ya ƙone shi. Wai in ba takarda, ni ba matarsa ba ce, Lucia ma ba 'yarsa ba.

Takardar auren da aka ba mu ɗaya ce tak. Ranar da aka tura shi bakin daga na yi bakance, na maƙala ta a cikin rigar mutum-mutumin Uwa Maryamu na cocinmu na can gida. Jirgi zai tashi ƙarshen wata. Ki rufa min asiri, ki karɓo min ita.

'Yarki,
Nunziata

*

12 ga Mayu

Nunziata,

Ƙafa tana nan yadda kika bar ta.

Ke dai anya kanki ɗaya? Mata na maƙala sarƙa da 'yan kunne, ke sai takardar aure! Na sami Fada, limamin cocin, ya ce ba a buɗe rigar sai bikin Satumba, kuma abin da aka ba Uwa ba a karɓewa. Na ce, "Fada, shekara talatin ni ke sa mata rigar nan, na fi ka sanin halinta. Ita ma uwa ce." Ya yi ta muzurai, ƙarshe dai ya ajiye makulli ya fita shan iska.

Ban ɗauko takardar haka kawai ba, ni ba ɓarauniya ba ce. Zoben aurena na maƙala mata a madadi. Kawunki ya daɗe a ƙasa, ba zai tambaya ba.

Ga ta nan. Kar ki kuma ba wani waliyyi ajiya.

Allah ya kiyaye hanya,
Gwaggonki

*

Napoli, 21 ga Mayu

Gwaggona,

Sun buga hatimi! Sai yau na yi numfashi. Jami'in ya daɗe yana duban hujin allurar da ke jikin takardar, ya tambayi inda na ajiye ta. Na ce, "Wurin wata dattijuwa mai amana."

Da zai miƙo min fasfo, ya tashi tsaye ya ce, "Sauka lafiya, Madam Dorsey." Gwaggo, nan na fashe da kuka a gaban mutane. Tun da Raymond ya rasu ba wanda ya kira ni da sunansa.

'Yarki har abada,
Nunziata