Ɗana Yana Ta Faɗowa Daga Bene A Cikin Gem

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga makarantar manya.

Ɗana na biyu mai fenti ne, irin masu hawa dogayen gine-gine. Wata bakwai ke nan katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo daga hawa na biyu, ƙugunsa ya tsage. Allah ya yi da sauran kwana. Da yake kwance, yayansa ya kawo masa na'urar gem ya haɗa masa da talabijin. Yanzu likita ya ce ƙashi ya ɗinke, yana tafiya ba sanda, amma ko kujera ba ya takawa ya canza ƙwan lantarki. Ubangidansa ya aiko cewa ba zai riƙe masa gurbi ya wuce ƙarshen wata ba. Mahaifinsa kuwa ya ce gem ne ya sangartar da shi, ranar Asabar zai kwashe na'urar ya mayar wa yayansa.

Ni kuma ba na son yanke hukunci a kan abin da ban ɗanɗana ba. Na daɗe ina kallon yatsunsa idan na kai masa abinci. Ranar da ya tafi gashin ƙashi sai na zauna a bakin gadonsa na ɗauki rimot ɗin.

Wasanni biyu ne. Kowanne gari guda ne a buɗe, mutum ya bi titin da ya ga dama, shi ne jarumin da ke ceton jama'a. A na farko jarumin tashi yake kamar shaho. Dannawa ɗaya sai sama, motoci su koma kamar tururuwa. Na yi ta shawagi hankalina kwance, amma kafin ruwan da na ɗora ya tafasa na fara hamma. Babu abin da ke samunsa, ko bango ya buga bangon ne ke jin jiki. Na biyun ba ya tashi. Igiya yake harbawa ta maƙale a jikin bene, ya yi lilo, ya saki, ya harba wata. Tsakanin sakin wannan da kama waccan babu komai a ƙarƙashinsa sai kwalta. Wallahi sai da na ɗage ƙafafuna alhali a kan gado nake! Sau shida ina rikitowa kan rufin bas. Abin kunya, shi nake komawa bugawa duk sanda yaron ya fita.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Lokacin da yake kwance na farkon yake bugawa. Tun da ya miƙe ya koma na igiyar, kuma ba ceton kowa yake yi ba, mutane na ihu a titi zai wuce su. Benen da ya fi tsawo yake hawa, ya daɗe tsaye a bakinsa, sannan ya saki jiki, sai ya kusa ƙasa ya harba igiya. Ya sake hawa. Jiya ina shara a bakin ƙofa na ƙirga sau goma sha ɗaya. Me yake nema a can? Tsoron yake kashewa, ko wani mugun tunani ne, Allah ya kiyaye? In bari a ɗauke na'urar, ko in tare mahaifinsa?

Uwar mai fenti

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Rubutunki ya fito sarai, kuma kin kyauta da kika zauna inda ɗanki ke zama kika ga abin da yake gani.

Maigidanki yana da tasa gaskiyar. A gem yatsa ne ke hawa, ba ƙafa ba, kuma ɗaki mai daɗin ɓuya yakan riƙe mutum. Amma abin da kika lura da shi ba ƙarami ba ne. Da gudun hawa sama kawai yake yi, da ya tsaya a wasan da ba a faɗuwa. Ina kyautata zaton yana gwada zuciyarsa ne a inda faɗuwa ba ta karya ƙashi. Zato ne fa. Ni ban gan shi ba, ke ma daga bakin ƙofa kike hasashe.

Don haka ki tambaye shi. Ki faɗa masa kin buga, har da batun rufin bas. Ki ce ya koya miki, kuna tsaka da wasa ki tambaye shi abin da yake ji idan ya tsaya a bakin benen. Saurayi ya fi sakin baki idan idonsa na kan wani abu daban. In kika ji kalaman gajiya da rayuwa, ko kika ga ya daina ci da barci da kula abokai, kada ki jira Asabar. Ki kai shi asibiti a ranar, ki faɗi komai. Ko ba haka ba ma, ya kamata likitansa ya san tsoron bai warke tare da ƙashin ba.

Mahaifinsa ki roƙe shi ya bar masa gem ɗin wata guda, bisa sharaɗin yaron ya riƙa fita kullum. Ubangidansa kuma a je a same shi, a tambaya ko akwai fentin cikin ɗaki da zai fara da shi. Wanda ya riƙe gurbi wata bakwai ba zai ƙi sauraro ba. In daga baya ya koma sama, madalla. In bai koma ba, bangon ƙasa ma fenti yake so, kuma ɗanki bai ragu da komai ba.

Allah ya ba shi lafiyar jiki da ta zuciya, ke kuma ya sanyaya miki rai.