Rasuwar Malama Walƙiya da Ɗamarar da Muka Mayar

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da har yanzu ta ƙi sauka, Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Wasan Judo Mata take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da ɗaukacin masoya wannan wasa cewa ta samu labarin rasuwar uwarta kuma jagorarta, Gwarzuwar Gwaraza, Zakarar Ƙasa har sau biyar, Shugabar Ƙungiya ta Dindindin, Malamarmu da aka fi sani da Walƙiya, wadda Allah Ya karɓi rayuwarta da hantsin Talata a ɗakinta, tana da shekara sittin da takwas, bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san Marigayiya da lambar zinariya a wuya ba duka ne suka san da allura ta shigo wasan nan ba. Tela ce a wani ɗan shago ƙarƙashin benen da maza ke atisaye a samansa, ita ake kawo wa rigunansu idan kwala ta yage ko hannu ya ɓalle, kuma daga yagewar riga take gane inda aka cafki mutum da yadda aka juya shi. Ranar da ta gaya wa mai horarwa cewa ɗalibansa da yatsu suke ja maimakon ƙugu, dariya aka yi mata, aka ce ta koma kan keken ɗinkinta. Shekara biyu tana hawa benen nan bayan maza sun watse, tana faɗuwa ita kaɗai a kan katifun da gumi bai bushe ba, kafin a yarda a rubuta sunanta cikin ɗalibai. Ita ce mace ta farko da ta ɗaura baƙar ɗamara a ƙasar nan, kuma rigar da ta ci gasarta ta farko da ita, da hannunta ta ɗinka.

Da ta bar gasa sai ta karɓi benen, ta yi shekara talatin da huɗu tana koyarwa, maza da mata, ƙarƙashin fankar nan mai lanƙwasasshen fiffike da ba ta taɓa yarda a canja ba. Dokarta guda ce, kuma ba ta da sassauci: wanda ka kayar, hannun rigarsa amana ne, za ka riƙe shi har ya kai ƙasa don kada kansa ya bugu. Duk wanda ya saki, ko zakara ne, sai zaman benci. Ni mai wannan rubutu na sha zaman bencin nan har ya san ni.

An ba mu shawara mu tsaya a nan, wai makoki ba wurin tone-tone ba ne. Mun ji, mun gode, amma wallahi ba za mu iya ba, domin an ci amanar baiwar Allahn nan a kan idonmu.

Shekara tara da suka wuce Marigayiya ta cancanci ɗamara mai ja da fari, wato mataki na shida, wanda babu macen da ta taɓa takawa a nan. Ƙa'ida ita ce mai nema ya nuna jerin kaye a gaban alƙalai tare da abokin da zai riƙa kayarwa, wanda aka rubuta sunansa tun da wuri, kuma a wajenmu babu girmamawar da malami zai yi wa ɗalibi da ta kai ya zaɓe shi don wannan aiki. Malama ta zaɓi ɗalibinta na farko, wanda ta yi wata uku tana koya masa faɗuwa kafin ta bari ya kama kowa, wanda a yau shi ne Mai Girma Shugaban Hukumar Judo. A gabanmu ya dafa ƙirji ya ce ko sau ɗari ne zai faɗi mata. Sau uku ana sa rana. Sau uku tana zuwa da farar riga an goge ta tas, da bandeji a gwiwar da ta yi wata huɗu tana lallashi, ta zauna a gefen katifa tun safe har alƙalai su tattara takardunsu. Na farko aka ce taro, na biyu aka ce tafiya. A na uku ne direbansa, da bai iya ƙarya ba, ya faɗa mana cewa Oga ya ce kujerarsa ta wuce a ga mace ta kai bayansa ƙasa a gaban kyamara.

Mun roƙe ta, har da kuka, ta goge sunansa ta rubuta ɗaya daga cikinmu. Ta ce a'a, yaronta ne, zai zo, ita ba ta sakin hannun riga. Haka ta jira har gwiwar ta ƙi ɗaukarta.

Jiya, ana tsakiyar zaman makoki, sai ga akwati mai kyalli daga Hukuma, ɗamarar na ciki, tare da wasiƙar cewa ranar Asabar Mai Girma Shugaba zai rataya ta a hoton Marigayiya a gaban manema labarai. Ikon Allah! Sai da ƙugun ya shiga ƙasa aka tuna da ɗamara. Bayan shawara da iyali, Ƙungiya tana sanar da jama'a cewa ta mayar da akwatin yadda ya zo, ba za ta ba da hoto ba, kuma babu 'yarta ko ɗaya da za ta halarci wannan taro.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mijinta, Baba Direba, wanda ya yi shekara arba'in yana ɗaukar mata jaka zuwa filin gasa bai taɓa jin kunya ba, da 'yarta Yaya Nas da ta yi jinyarta, da Auta, da jikoki baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin wannan babban rashi, Ya ƙarfafa zukatanku, Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.

Ranar Asabar ɗin za mu buɗe benen, mu ajiye tsohuwar baƙar ɗamararta da ta koɗe ta zama toka-toka a inda take zama, mu yi mata addu'a. Ƙofa a buɗe take ga kowa, har da Mai Girma Shugaba, da sharaɗin ya cire takalmi ya zo da farar rigarsa. Ɗalibanta mata suna nan, kowacce a shirye take ta yi masa kayen da ya yi wa Malama alkawari. Ya kwantar da hankalinsa, kansa ba zai bugu ba, mu an koya mana riƙon hannun riga.

Sa hannu:
Ƙafar Hagu, kamar yadda Malama take kirana
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Wasan Judo Mata