Rasuwar Baba Mailafiya, Wanda Ya Koya Mana Zura Fitila

Cikin alhini da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Masu Ginar Rijiya ta Damargu tana sanar da al'ummar Tanut da Belbeji labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, Sarkin Rijiya, Malam Hamidu Mailafiya, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata a cikin wata rijiya kusa da Tarka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lokacin da yawancinmu muka dawo daga Libiya hannu wofi, ba mu san ko ɗaurin igiya ba, marigayi ne ya tara mu a Gangara, ya koya mana sana'ar da iyayenmu suka yi, muka raina. Shi ya nuna mana yadda ake gane ƙasar da za ta rufta, da yadda ake kafa itace a jikin rijiya. Abin da ya fi tsananta mana a kai shi ne kada kowa ya shiga rami sai an zura fitila mai wuta an ga ba ta mutu ba, domin inda wuta ta kasa numfashi mutum ma ba zai yi ba. Mun sha ranƙwashi a kan wannan, kuma yau muna gode masa.

Wani ɗan kwangila, wanda ya san kansa, ya kira wannan ƙa'ida camfin tsofaffi. A ranar ta Talata, ya tayar da injin jan ruwa a cikin waccan rijiya ta kusa da Tarka, ya hana a zura fitila saboda yana sauri, ya tura 'yan'uwanmu Haris da Rissa ciki, hayaƙi ya sumar da su. Baba Mailafiya, da furfurarsa, ya sauka ya ɗaura musu igiya aka jawo su da rai. Shi kuwa gawarsa muka jawo.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Hajiya Balki, da 'ya'yansa da jikokinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Amma ga wancan mutum, ba mu yafe ba, Allah Ya isa. Buhun shinkafar da ya aiko gidan makoki mun mayar masa, maganar kuma tana hannun jandarmomi. Daga yau babu ɗan ƙungiyar nan da zai riƙe masa igiya, daga Ollelewa har Belbeji. Muna kuma tuna masa cewa rijiyar gidansa, wadda iyalinsa ke sha, marigayi ne ya gina ta, mu ne muke yashe ta kowace shekara. Bana sai ya shiga da kansa, shi da injinsa.

Sa hannu:
Nafi'u Kabiru Gangara
Kakakin Ƙungiyar Masu Ginar Rijiya ta Damargu, Tanut